Lalle a Hannun Mai Takaba

Juma'a, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Saura kwana ashirin da takwas in fita takaba.

Littafin awon marigayi mijina Malam na ɗauko, wanda yake rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannun mutane a shagonsa na ɗinki a kasuwar Marché Congo, nan Douala. Rabinsa bai taɓu ba. An ce mai takaba ba ta fita, ba ta ɗaga murya, ba kwalli, ba turare, ba lalle. Duk na iya, ban da muryar. Ni da ake jin faɗana daga bakin famfo har masallaci, wata uku ke nan da ɗoriya ina magana kamar mai ciwon haƙori. In ban zuba a takarda ba fashewa zan yi. Malam, ka yafe mini, na san ba ka son a taɓa maka littafi.

Jibi zaɓen shugaban ƙasa. Tun safe motoci masu lasifika ke wucewa ta layinmu, wannan ta ce canji, waccan ta ce zaman lafiya. Bara, da aka rufe gari wata da watanni da yajin neman canji, Malam ya ce in Allah ya kai shi wannan rana da sabuwar riga zai je ya jefa ƙuri'a. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa, ko maɓalli bai sa mata ba.

Da hantsi Yaya Wakili ya zo, yayan Malam, shi ne shugaban jam'iyyar gwamnati a layinmu. Ya tsaya bayan labule ya ce, "Sabuwa, kawo katin zaɓen ƙanena Yusufa in kai a soke shi, kada ya faɗa hannun banza. Haɗo da naki in adana miki, tunda ba fita za ki yi ba." Na ciro su daga ƙarƙashin katifa na miƙa ta gefen labule. Har godiya na yi masa.

Asabar, 10 ga Oktoba, da hantsi

Saura ashirin da bakwai.

Delu ta shigo da kunun gyaɗa. Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu shekara goma sha tara, kuma ita ce mai ƙunshin unguwar nan. Ranar da Malam ya cika ita ta riƙe ni. Yau hannunta ja zur, jiya ta yi wa amarya ƙunshi ta ƙarasa ragowar a kanta. Ta juya mini hannun tana tsokana, wai, "Kalli da kyau ki haɗiyi yawu. Ranar fitarki zan zana miki wanda sai zawarawa sun yi layi har bakin titi." Na ce ta rufa mini asiri. Na yi dariya, sai kuma na ji kunyar dariyar.

Abdulganiyu ya leƙo zai wuce taro. Ƙanena ne, yana ɗan shekara shida uwarmu ta rasu, ni na goya shi har ya zama malamin makaranta. Ɗakinsa da matarsa Mero yana nan tsakar gidanmu. Gobe shi zai zauna a teburin zaɓe na makarantar layinmu, shi ne mai sa ido na ɓangaren 'yan adawa. Na ce masa, "Kai dai ka zauna ka yi shiru ka dawo." Ya ce, "Adda, in shiru za a yi ai da kujera suka aika, ba mutum ba."

Taurin kan nan ban san inda ya samo shi ba. Mero ta ce ita ta sani.

Lahadi, 11 ga Oktoba, magariba

Ana ta ruwa tun azahar. An ce an tashi daga zaɓe. Abdulganiyu bai dawo ba tukuna, tuwonsa na rufe.

Litinin, 12 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Bai dawo ba.

Litinin, azahar

Saura ashirin da biyar.

Mero ta dawo daga makaranta, zanenta sharkaf. Maigadin wurin ne ya ba ta labari, ni kuma zan rubuta yadda ta faɗa mini, don kada gobe a ce mini ba haka aka yi ba.

Wajen ƙarfe uku wata mace ta shigo, ta ja mayafi har kan hanci saboda ruwa. Ta miƙa kati, mai kiran suna ya ɗaga murya ya ce Sabuwa Abubakar. Sunana. Abdulganiyu ya ɗago kai. Matar ta fito da hannu za ta dangwala yatsa, sai ga lalle ja zur har wuyan hannu. Ya miƙe tsaye ya ce, "Wannan ba yayata ba ce. Yayata tana takaba, mai takaba ba ta lalle." Shugaban teburin, wanda ba Musulmi ba ne kuma ba ɗan unguwa ba, ya ce shi bai san wannan dokar ba, kati dai ya gani. Matar ta jefa ƙuri'a ta fice da sauri. Abdulganiyu ya ja rajistar ya duba, sai ga sunan Malam, an dangwala masa tun safe.

Malam, ashe ka fito. Ko rigar ba ka ɗauka ba.

Da aka gama ƙirga aka ce kowa ya sa hannu a takardar sakamako. Ya ƙi. Ya juya bayanta ya rubuta abin da ya gani, ya kwafa a wata takarda ya ba wani abokinsa. A bakin ƙofar makaranta suka ɗauke shi.

Ni na miƙa katin nan da hannuna. Har godiya na yi.

Talata, 13 ga Oktoba, la'asar

Mero ta gano komisariyar da yake, wato ofishin 'yan sandan da aka tsare shi. Sun karɓi abinci, ba su bari ta gan shi ba. Ɗan sandan ƙofa ya ce mata, "Ashiya, madam," wato sannu, yana buɗe kwanon yana zaɓar kifin.

Na aika a kira Yaya Wakili. An ce ya tafi can unguwar Sodiko.

Alhamis, 15 ga Oktoba, da safe

Saura ashirin da biyu.

Kwana huɗu Delu ba ta shigo ba. Ina jin dakanta ta bayan bango. Na buga bangon sau biyu yadda muka saba, shiru. Wataƙila zazzaɓi ne, damina ce.

Asabar, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Wata jarida ta 'yan adawa ta buga maganar. Mero ta sayo ta ɓoye a cikin zane. Ga sunana da na Malam da baƙin rubutu, wai a unguwarmu New Bell har matattu da matan mamata sun yi zaɓe. Ni da ko ƙofar gida ban taka ba tun ranar da aka ɗauki Malam, yau sunana yana yawo a tasha ana naɗe gyaɗa da shi.

Mata sun yi ta shigowa jaje. Kowacce sai ta saci kallon hannuna kafin ta zauna. Na gane, sai na shimfiɗa su a kan cinya, fari fat, kowa ta more kallo. Wata ta ce, "Ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." Na ce haka ne. A raina na ce, ke dai ba ƙanenki ne a hannunsu ba.

Litinin, 19 ga Oktoba, da hantsi

Saura goma sha takwas.

Yaya Wakili ya zo. Bai zauna a kujerar da Mero ta ajiye masa ba, ya tsuguna a bakin labule. Na gaishe shi yadda ya kamata, don ba a ce in daina tarbiyya ba. Sannan na ce, "Yaya, an soke katin?"



Ya ce, "Sabuwa, ke yarinya ce lokacin da aka zo da motar rusau layin bayan masallaci. Ni na kwashe uwarmu a baya. Kakanmu a nan aka binne shi, ubanmu a nan aka haife shi, amma duk ranar da aka ga dama sai a ce mu baƙi ne, mu koma Najeriya. An kira mu, an faɗa mana adadin da ake so daga layin nan. An ce in bai cika ba, za a zo duba takardun kowa gida gida. Kin san gidaje nawa ne ba su da takarda? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce, "Shi ma Malam da kansa ya fito ya cika adadin?"

Ban ga fuskarsa ba, labule ya raba mu. Amma na ji ya ja hanci. Ya ce maganar Yusufa an riga an kashe ta, an ce wani Yusufan ne, suna ne ya zo ɗaya, Yusufa nawa ne a New Bell. Tawa ce ta ƙi mutuwa, tunda ina da rai kuma jarida ta ambace ni. Kwamishinan 'yan sanda ya ce abu biyu ne. Ko Abdulganiyu ya sa hannu cewa ƙarya ya yi, ko ni in zo in sa hannu cewa ni ce na je da ƙafata. Ɗaya ya samu, a sake shi.

Na ce, "Da lallen?"

Ya ce, "Yadda ya rubuta."

Na so in ɗaga murya. Wallahi na so. Na ciji gefen mayafina har ya tafi.

Talata, 20 ga Oktoba, azahar

Ba zan yi ba.

Laraba, 21 ga Oktoba, la'asar

Sun bar Mero ta gan shi, don ta lallashe shi ya sa hannu. Ta ce ya rame, amma yana magana daidai. Ya ce ta faɗa mini kada in kuskura in sa hannu, ko da wasa. Ya ce, "Ki ce wa Adda, abin da na gani na gani. In sun ce ta zo ta ce ba ta fita, addininta ya hana. C'est tout, shi ke nan."

Na tambaye ta, ya ci abincin? Ta ce ya ci. Na ce da kansa? Ta ce, "Adda, bari in ɗora ruwa," ta fita.

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Saura goma sha huɗu.

Rediyo ta faɗi sakamako. Mai mulki ya ci gaba da mulkinsa. Wasu sun yi guɗa a gidan Yaya Wakili, guɗa ɗaya, ba a ƙara ba. Daga bakin titi kuma hayaƙin taya ke shigowa, da ƙarar da ba zan ce ta mene ne ba. Maza sun dawo daga masallaci da sauri, ba wanda ya tsaya gaisuwa. An rufe shaguna. Motar sojoji ta wuce ta layinmu sau uku, a hankali, kamar mai neman gidan haya.

Na ɗauka tunda sun ci za su sake shi. Me kuma za su yi da malamin makaranta? Mero ta ce a'a, yanzu ne ma suke nemansa, don lauyoyin 'yan adawa sun sa takardarsa cikin ƙorafinsu.

Na yi wankan Juma'a, na koma cikin zanen nan guda. Na gaji da shi. Na gaji da ɗakin nan. Allah ka yafe mini, na gaji.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da safe

Delu ta shigo.

Ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Ta kawo makala, fankenmu na nan, da kunu. Ta zauna nesa da ni, hannayenta cikin mayafi, ita da ke magana da hannu fiye da baki. Muka yi zancen ruwa, muka yi zancen tsadar gawayi. Ba ta tambayi Abdulganiyu ba. Duk unguwa ta tambaya, har masu gaba da ni.

Da za ta tashi ta miƙo hannu ta ɗauki kwanonta. Lallen fata ya kusa gogewa, sai na farce.

Mijinta Bashir ba shi da katin ɗan ƙasa, sau biyu ana kwashe shi a samame. Mero ta ce ranar Alhamis an gan shi yana nuna wa mutane sabon kati a bakin masallaci.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba. Ita ta riƙe ni ranar da Malam ya cika.

Litinin, 26 ga Oktoba, azahar

Na zubar da kunun.

Laraba, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Saura tara.

Na tsare Mero a ɗaki na ce sai ta faɗa mini. Ta yi kuka ta faɗa. Kullum da safe sukan ajiye masa takarda da biro. In ya ƙi, sai a ce tunda hannun ba ya rubutu bai da amfani. A kan tebur suke shimfiɗa masa su. Ta ce yatsun sun kumbura har ba ya iya ɗaukar loma, wani ɗan ƙabilar Bamileke da ke ɗaki ɗaya da shi ne yake ba shi a baki.

Hannun nan ni na koya masa wanke shi. Ni na riƙe shi na kai shi makaranta ranar farko, yana ta fizgewa.

Na aika Mero wajen matar liman ta tambayo mini, ba tare da ta ce ni ce ba, kamar akwai wata mai takabar a layin nan. Amsa ta dawo: fita da rana saboda larura ba laifi, takaba ba ta ɓaci. Ado ne haramun. Shaidar zur kuwa ba sai an tambaya ba.

To ai ni duka biyun ake nema.

Alhamis, 29 ga Oktoba, da hantsi

In na yi, unguwa za ta ce Sabuwa ta kasa haƙurin wata huɗu, ta sha lalle ta fita kafin ƙasar kabarin mijinta ta kwanta. Wannan zai bi ni har nawa kabarin. In na yi, shi kuma ya zama maƙaryaci a jarida, a gaban ɗalibansa, duk dukan da ya sha ya tashi a banza.

In ban yi ba.

Malam, kai da ba ka rasa abin cewa in mutum ya kawo yadin da bai isa ba, ka ce wani abu mana.

Asabar, 31 ga Oktoba, la'asar

Saura shida.

Yaya Wakili ya dawo, muryarsa ta dushe. Ya ce ranar Laraba za a kwashe waɗanda suka ƙi sa hannu a mota a kai su wani wuri, ba cikin Douala ba. Can ba a kai abinci, ba a zuwa gani. Ya ce ya roƙa, ya durƙusa wa yaron da ɗan cikinsa ma ya girme shi, an ce masa ya fita. Ya ce, "Ban san zai kai haka ba, wallahi. Na ɗauka Abdulganiyu zai kau da kai, ɗan gida ne."

Na ce, "Da kuka tashi aiken mace da katina, ba wanda ya ce a duba hannunta?"

Ya ce su maza ne, ba su lura ba.

Ba su lura ba. Shekara sittin yana ganin matan takaba a gidansu, bai taɓa kallon hannun ko ɗaya ba. Yaron da na goya ne kaɗai ya san yadda hannuna yake.

Na ce ya faɗa wa kwamishina ina zuwa ranar Talata.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, azahar

Ban faɗa wa Mero ta faɗa wa Abdulganiyu ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Saura huɗu.

Na buga bango sau biyu. Shiru. Na ƙara bugawa, na ce a hankali, yadda ya dace da mai takaba, "Delu, ki zo da lallenki." Ta zo.

Na ce mata takarda ta ce matar da ta je tana da lalle, kuma kwamishina zai duba hannuna. Na ce ta kwaɓa ta yi mini har wuyan hannu. Ta tsaya riƙe da ƙoƙon. Ta ce, "Ba haka za a yi ba. In aka yi sabo, duk macen da ta gani ta san na jiya ne, kuma akwai mace 'yar sanda a wurin. Na sati uku ya bar fata, sai a farce, shi ma rabi, don farcen ya tofo fari daga gindi."

Na ce, "Rabi kamar yaya? Nuna mini."

 Sannan ta fito da hannunta daga mayafi ta ɗora kusa da nawa a kan tabarma. Rabi ja, rabi fari. Da tsinke ta riƙa auna nata tana ɗora wa nawa, farce bayan farce, daidai wa daida. Layin bai karkace ba, gwana ce, wannan ba a ƙwace mata. Hawayenta na ɗiga cikin ƙoƙon. A na bakwai ta ce, "Sabuwa, an ce mini ba wanda zai sani. An ce ke ba za ki rasa komai ba."

Na ce, "Saura uku. Ƙarasa."

Ta naɗe mini yatsun da ganye. Awa biyu na zauna da hannu a sama ina kallon rigar Malam.

Talata, 3 ga Nuwamba, magariba

Na fita. Rana ta farko tun da aka ɗauki Malam. Hasken titi ya sa ni jiri, kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, an buɗe sabon shagon aski ban sani ba. Yaya Wakili na gaba, Mero na gefena. Mata na bakin famfo. Ban ɓoye hannuna ba, tunda don a gani aka yi shi. Na ji ƙarar bokiti ta tsaya.

Kwamishinan yaro ne, da zoben aure da ƙamshin turare. Ya ba ni kujera, ya yi mini ta'aziyya da Faransanci, ya ce, "Mes condoléances, madame." Ya kira 'yar sandan ta juya hannuna ta duba, ta gyaɗa kai. Ya karanta takardar da Faransanci, Yaya Wakili zai fassara, na ce ya bari, na yi aji shida. Ni Sabuwa Abubakar, na fita da kaina ranar Lahadi sha ɗaya ga wata, na jefa ƙuri'ata, ƙanena bai gane ni ba saboda mayafi. Ya turo mini tawadar dangwale. Na ce na iya rubutu. A rajistarsu dangwale aka yi mini, bai tambayi yadda aka yi mai rubutu ta dangwala ba, ni ma ban tuna masa ba.

Na sa hannu. Biron bai ma yi gardama ba.

Da muka dawo, ƙanwar Malam da ta kwana goma tana taya ni zama ta riga ta ɗaure kayanta. Ba ta yi mini sallama ba.

Laraba, 4 ga Nuwamba, la'asar

Saura biyu.

Sun saki Abdulganiyu da hantsi. Motar ta tafi da sauran, har da ɗan Bamileken da ke ba shi abinci.

Ya shigo tsakar gida Mero na riƙe da gwiwar hannunsa. Hannayen a naɗe da tsumma, ya ɗaga su a ƙirji. Yana murmushi. Ashe ba su faɗa masa dalili ba, ya ɗauka gajiya suka yi da shi. Daga bakin ƙofa ya ce, "Adda, ban sa ba! Kwana ashirin da huɗu, ban sa musu ba!"

Na ɗaga labule in fito. Da hannu ake ɗaga labule.

Ya kalli farcen. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Adda, ashe ni ne maƙaryacin."

Ya shiga ɗakinsa.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, azahar

Saura ɗaya.

Jaridar gwamnati ta buga takardata, da hoton sa hannuna. Lauyoyi sun cire sunansa daga ƙorafi. Shugaban makarantarsu ya aiko a ce ya huta tukuna.

Mero ta kai masa abinci sau uku, ya kau da kai. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ce yatsu huɗu sun karye, sauran sai a hankali. Ban shiga ba. Ina jin tarinsa daga nan.

Na goge farcen da toka, na goge da lemun tsami, na kankare da reza har ya yi jini. Lallen Delu ba ya fita.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau na fita takaba.

Na yi wanka na sa sabon zane. A al'ada yau gidan nan cike yake da mata, a yi sadaka, a yi wa mai fita kitso da ƙunshi. Mutum uku suka zo. Matar liman ta yi addu'a ta tafi da wuri. Yaya Wakili ya aiko da shinkafa, na ce a kai masallaci. Delu ba ta zo ba, ban kuma buga bango ba. Yanzu an halatta mini in ɗaga murya, na duba ban ga wanda zan ɗaga wa ba.

Da azahar Mero ta fito daga ɗakinsu da kwano, ta ajiye a gabana ta zauna tana kuka. Kwana biyu ke nan ko ruwan kunu bai sha ba. Na ɗauki kwanon. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, irin wanda nake yi masa yana yaro.

Yana zaune a gefen gado, hannayen a kan cinya. Bai ɗago ba. Na zauna a ƙasa a gabansa. Na shirya maganganu tun jiya, cewa na yi ƙarya na sani, cewa zan amsa a gaban Allah, cewa in aka sake kawo takardar gobe zan sake sa hannu. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na gutsuro tuwon na shafo miya na kai bakinsa.

Ya ce, "Ki ba Mero cokali."

Na ce, "Da wannan hannun na ciyar da kai kana da shekara shida. Ba ni da wani."

Loma na hucewa a yatsuna. Jan farcen yana daidai idonsa, ba yadda zan riƙe tuwo ya ɓuya. Hawaye suka zubo masa, ba shi da hannun sharewa, na bar su.

Ya rufe ido, ya buɗe baki.

Ya ci loma tara. Idon bai buɗe ba har na fito.